Bakin Ƙofa da Cikin Lungu: Kimiyyar Bazuwa a Kafofin Nano da Aikin da ke Gaban Manazarta Hausa

Gabatarwa

Kogin da ya ratsa garin Wudil haɗakar koguna biyu ce. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a shekarar 1974, da Kogin Calawa, wanda ya bi ta gefen rukunin masana'antun da ke kudancin birnin Kano, suna gamuwa kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya zarce Haɗeja. Masana'antun jima na Calawa da Sharaɗa sun daɗe suna jeme fatu da gishirin kuromiyam, kuma wani kaso na ruwan dattinsu a wannan kogi yake ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a kowace litar ruwan sha. Masunta da manoman rani da masu ɗibar yashi da masu shayar da shanun kara duk da wannan ruwa suke mu'amala. Saboda haka, yadda za a raba ruwa da dafin da ya narke a cikinsa matsala ce da ta shafi rayuwar mutanen Wudil kai tsaye.

Ɗaya daga cikin hanyoyi mafiya araha ita ce a bi da ruwan ta cikin wani abu mai ɗimbin ƙananan kafofi, kamar sarrafaffen gawayi ko ziyolait, domin dafin ya shige cikin kafofin ya lafe. Ɗaliban kimiyya a jami'o'inmu sun rungumi wannan fage, suna ƙona ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da totuwar masara suna gwada ƙarfinsu. Tambayar da aka fi yi ita ce: nawa abin zai iya ɗauka? Wadda aka fi bari a baya kuwa ita ce: cikin wane lokaci, kuma a ina tafiyar take tsayawa, a bakin kafa ko a cikinta?

Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, tambaya ta biyu ita ke raba abin da zai yi amfani a bakin kogi da abin da zai tsaya a takarda, kuma ba za ta isa ga masu buƙatarta ba sai an iya yin ta da Hausa. Wannan ya sa na kawo maganar gaban manazarta Hausa. Harshenmu yana da kayan aikin bayyana wannan kimiyya, musamman a tsarin aikatau, amma har yanzu ba mu zauna mun jera su ba.

Abu Mai Kafofin Nano

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya ta kasa kafofi gida uku: waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, da waɗanda ke tsakanin 2 da 50, da waɗanda suka haura 50. Gida biyun farko ne suka fi shafar wannan tattaunawa. Domin a fahimci ƙanƙantarsu, ƙwayar molekul ta ruwa, wato zarra biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin da suka ƙullu, faɗinta bai kai nanomita 0.3 ba, bakin kafar ziyolait nau'in 4A kuma kimanin nanomita 0.4 ne. Ke nan baƙo da ƙofa kusan girmansu ɗaya.

Amfanin waɗannan kafofi shi ne yalwar bangon da ke cikinsu. Giram ɗaya na sarrafaffen gawayi mai kyau yakan ƙunshi bango mai faɗin murabba'in mita 1,000, har fiye. Idan aka shimfiɗe bangon da ke cikin giram goma, zai rufe gona mai hekta ɗaya. A jikin wannan bango ne dafi ko iska ko launi yake lafewa.

Ziyolait ma'adini ne na silika da alumina wanda kafofinsa suke jere da tsari, girmansu ɗaya. Masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a 1756 daga kalmomin Girkanci masu ma'anar dutse mai tafasa, saboda tururin da ya ga yana fita daga jikinsa idan an gasa shi. A shekarun 1940 da 1950 aka fara haɗa shi a ɗakin gwaji, daga farkon shekarun 1960 kuma ya zama ginshiƙin farfasa ɗanyen mai domin samar da fetur a matatu. A Arewa, masana injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi shekaru suna aikin haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Akwai kuma sabon dangi na waɗannan abubuwa, wanda ake ƙullawa da zarrar ƙarfe da sandunan sinadarin kabon kamar tankar rumfa, kuma saboda shi ne aka ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025.

Bazuwa

Ƙwayoyin molekul ba sa zama wuri ɗaya. Zafi yana sa su motsi ba tsayawa, kowace tana karo da maƙwabciyarta tana sauya alƙibla. Babu wadda ta nufi wani wuri, amma idan sun yi cunkoso a gefe ɗaya, waɗanda ke barin wurin cunkoso za su fi masu komawa yawa, har a wayi gari sun daidaita ko'ina. Haka ƙamshin turaren wuta yake cika ɗakin da babu iskar da ke kaɗawa, ko da yake a ɗaki motsin iska mai ɗumi yana taimakawa. Wannan shi ne abin da nake kira bazuwa.

Robert Brown ya ga wannan rawa ta ƙananan abubuwa a cikin ruwa ta madubin ƙara girma a 1827. Adolf Fick ya tsara dokarta a 1855: yawan abin da ke tsallaka wani wuri yana tafiya ne da bambancin cunkoso tsakanin ɓangarorin biyu. Albert Einstein kuma ya nuna a 1905 cewa nisan da ƙwaya take ci ba ya ƙaruwa daidai da lokaci. Wanda zai ninka nisa sau biyu sai ya ninka lokaci sau huɗu, wanda zai ninka shi sau goma sai ya ninka lokaci sau ɗari.

Daga wannan doka injiniyoyi suka ɗauki darasi mai sauƙi: idan abu yana jinkirin cika, a niƙa shi. A rage girman tsabarsa sau goma, lokacin cikarsa ya ragu sau ɗari. An gina lissafin matatu da matattarar ruwa a kan wannan zato, wanda ya ɗauka cewa duk wahalar tafiya a cikin lungunan take, shiga kuwa kyauta ce.

Shingen Baki

A shekarun 1970, Jörg Kärger da abokan aikinsa a Jami'ar Laifzig ta ƙasar Jamus suka yi amfani da wata dabara ta maganaɗisu suka auna saurin yawon ƙwayoyin molekul a can cikin kiristal na ziyolait. Sakamakon ya saɓa wa abin da aka sani. A wasu nau'o'in, saurin da suka auna a ciki ya ninka wanda ake samu ta hanyar auna ƙaruwar nauyin abin yayin da yake cika sau dubu ko fiye. An gano cewa wani ɓangare na wannan giɓi ya samo asali ne daga zafin da lafewa take haifarwa da kuma jinkirin tafiya a tsakanin kiristal da kiristal. Amma bayan an cire waɗannan, a lokuta da dama giɓin bai rufe ba. Abin da ya rage shi ne turjiyar da ƙwayoyin suke gamuwa da ita a fatar kiristal ɗin, wato a bakin kafofi. Ita nake kira shingen baki.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, ya san cewa faɗin titi a gaba ba ya amfanar direban da ya maƙale a mashigar gari. Tsohon birnin Kano ma haka yake a zamanin da ganuwa take tsaye: komai yalwar fili a ciki, ayari sai ya bi ta Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Mata ko wata daga cikin 'yan'uwansu. Tafiyar ƙwayar molekul zango biyu ce, tsallake baki da yawo a lungu, kuma zangon da ya fi jinkiri shi ke yanke wa tafiyar hukunci.

Daga baya masanan Laifzig suka samar da hanyar leƙa kiristal guda ɗaya da haske yayin da yake cika, gani ya kori ji. Idan jinkirin a ciki yake, gefuna ne ke fara cika, tsakiya ta biyo baya. Idan kuwa a baki yake, sai a ga cikin yana cika gaba ɗaya a hankali, gefe da tsakiya daidai, domin duk wadda ta samu shiga nan take take bazuwa. Da wannan hanya aka gano abubuwa uku masu muhimmanci. Na farko, a wani nau'i da aka yi nazari a kansa a 2011, shingen ya kasance toshewar mafi yawan kafofi ɗungurungum, 'yan kaɗan ne suka rage a buɗe. Na biyu, masu bincike a Kalsiruhe, a Jamus ɗin dai, sun nuna a 2014 cewa wani nau'i mai tsarin tankar rumfa ba shi da shinge lokacin da yake sabo, sai bayan ya sha iska mai laima fatarsa take lalacewa shingen ya bayyana. Na uku, kiristal biyu da aka haɗa a tukunya ɗaya, masu girma ɗaya, suna iya bambanta ƙwarai wajen saurin cika.

Ga inda lissafin niƙa yake karyewa. Lokacin yawo a ciki yana raguwa sau ɗari idan an rage girma sau goma, amma lokacin tsallake baki sau goma kawai yake raguwa. Mu ƙaddara kiristal da yawon cikinsa yake cin daƙiƙa 100, tsallake bakinsa kuma daƙiƙa 10, jimilla 110. Idan aka rage girmansa sau goma, ciki ya koma daƙiƙa 1, baki ma daƙiƙa 1. Idan aka sake ragewa sau goma, ciki ya koma 0.01, baki kuma 0.1. Shingen da bai kai kashi ɗaya cikin goma na jinkirin ba a farko, yanzu shi ke riƙe da kashi tara cikin goma. Duk sa'ad da fasaha ta ƙara matsawa zuwa ga ƙananan abubuwa, nauyin bakin ƙofa ƙaruwa yake yi.

Ya kamata a ƙara da cewa shingen baki ba kullum yake zama aibi ba. A masana'antar sinadarai akan shafe fatar ziyolait da silika da gangan domin a tsuke baki, a bar siririyar ƙwaya ta wuce a tare mai kauri. Ƙofa tana jinkirtarwa, tana kuma tantancewa. Matsala tana zuwa ne idan shingen yana nan mai aiki bai san da shi ba.

Abin da Ya Shafi Wudil

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Wudil ta fara aiki a 2001, a 2022 kuma aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote. Tana zaune a bakin kogin da ke ɗauke da matsalar, a tsakiyar ƙasar noma mai yalwar buntu da ɓawo da kara. Da wuya a samu wurin da ya fi ta dacewa da wannan bincike.

Sai dai salon da ya zama ruwan dare a irin wannan bincike, a Nijeriya da wajenta, shi ne a zuba garin gawayi a kwalba, a girgiza na wasu sa'o'i, a auna abin da ya ɗauka, a ɗora sakamakon a kan lissafin Langmuir ko na Freundlich. Waɗannan lissafai biyu suna bayyana matsayar ƙarshe ne, bayan komai ya daidaita. A matattarar gaske kuwa ruwa wucewa yake yi, mintoci kaɗan yake yi tare da gawayin. Gawayin da zai ɗauki dafi mai yawa cikin kwana guda yana iya barin mafi yawansa ya wuce cikin minti biyar. Bugu da ƙari, ruwan kwalba tsaftatacce ne da aka zuba wa dafi guda. Ruwan kogin Wudil a watan Agusta yana ɗauke da laka da ruɓaɓɓen ganye da maiƙo, waɗanda ƙwayoyinsu manya ne, ba sa iya shiga ƙananan kafofi, sai su zauna a baki su rufe hanya. Sakamakon da ya yi kyau a kundin digiri yana iya zama ruwan da uwa za ta ba jaririnta tana zaton ya tsarkaka.

Misali na biyu yana asibitoci. Na'urar da ke tace iskar oksijin wa marasa lafiya da ziyolait take aiki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Ziyolait yana riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce, har ya kai kashi 90 cikin ɗari ko fiye. Amma ziyolait ya fi son ruwa a kan naitirojin, kuma idan ya kama shi ba ya saki da sauƙi. Laimar damina tana cinye ƙarfinsa tun daga mashiga, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iskar da ke gabansa. Na'urar za ta ci gaba da ƙara tana hura iska, alhali oksijin ɗin da ke cikin iskar ya ragu. Ma'aikaciyar jinya ko mai gyaran da ya fahimci dalilin haka da harshensa ya fi kusa da rufe na'urar da kyau idan an ajiye ta, da wanke matatarta, da neman a auna ingancin iskarta.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga masu sana'o'inmu. Kowace uwargida ta san sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyaya ruwa, kuma randar da aka shafe da fenti ta daina aiki, domin an rufe kafofin da ruwa yake tsattsafowa ya bushe ya tafi da zafi. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina tukunyarsa ta cikin tukunya mai adana kayan lambu, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kafofin randa sun fi na ziyolait girma nesa ba kusa ba, kuma naso ne ke tafiyar da ruwa a cikinsu, amma darasin fata ɗaya ne. A jima ma sananne ne cewa idan aka fara tsoma fata a ruwan jima mai kauri sosai, bayanta yakan jemu ya tsuke, ya hana ruwan ratsawa, cikinta ya zauna ɗanye. Majemin da ke aiki da bagaruwa yana da kalmomin wannan lamari, kuma ya kamata a je a ji su daga bakinsa.

Aikin Manazarta Hausa

Rubuta kimiyya da Hausa yana da tarihi. Littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam ya fito daga Zariya a ƙarshen shekarun 1940. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa idan masana suka zauna suka yi ittifaƙi, kalmomi suna kama ƙasa. Yau ɗalibi yana rubuta kundi sukutum a kan ginin jimla da Hausa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ƙara tabbatar da cewa Hausa tana iya bayyana kanta da kanta. Abin da aka yi wa nahawu shi ya rage a yi wa irin wannan kimiyya, kuma ina ganin hanya uku za a bi.

Hanya ta farko ita ce a ari sunaye, a gina aikatau daga gida. Babu riba a wahalar ƙirƙiro wa ziyolait ko nanomita sabon suna. Hausa ta ari mota da asibiti da sukari ba ta rasa komai ba. Wurin da aro yake cutarwa shi ne wurin bayyana abin da ke faruwa. Ingilishi yana da kalmomi biyu da harafi ɗaya tak ya bambanta su, ɗaya tana nufin abu ya shige cikin jikin wani, ɗaya kuma ya kwanta a bangonsa, kuma ɗalibai suna ta rikita su. Hausa ba ta da wannan matsala. Soso yana shanye ruwa. Ƙadangare yana lafewa a bango. Shanyewa da lafewa ba sa rikicewa a kunnen Bahaushe. Lafewa kuma ta fi mannewa dacewa da riƙon da ake iya saki, domin abin da ya lafe yana iya tashi. Sai a keɓe mannewa ga riƙo mai ƙarfi irin na ƙullin sinadari.

Hanya ta biyu ita ce a tantance makusantan kalmomi da hujjar ma'ana. Bazuwa da yaɗuwa da watsuwa duk ana jin su a fassarar wannan batu. Yaɗuwa tana tafiya da ƙaruwa: cuta ta yaɗu, wato masu ita sun ƙaru. A dokar Fick kuwa adadin ƙwayoyin ba ya ƙaruwa. Watsuwa tana ɗauke da ma'anar tarwatsewa farat ɗaya, kamar taron da ruwan sama ya kora. Amma idan aka ce shanu sun bazu a makiyaya, adadinsu bai sauya ba, babu wanda ya kora su, kowace ta bi gabanta, cunkoso ya ragu a hankali. Wannan ita ce ainihin ma'anar da ake nema. Haka za a bambanta naso da yoyo da tsattsafo da tsiyaya, a ba kowace gurbinta, a kuma bambanta kafa da rami da kogo da huji.

Hanya ta uku ita ce a ci moriyar giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya tsara bayaninsa a 1960. Giredi na bakwai yana nuna abin da ya auku ga abu, yana kuma nuna yiwuwa. Idan aka ce fata ba ta ratsuwa, an faɗi cewa ba a iya ratsa ta. Ke nan ratsuwa ta isa ta zama sunan ma'aunin sauƙin tsallake baki, kamar yadda bazuwa take zama sunan yawon ciki. Giredi na huɗu yana ba mu cikar aiki, kamar toshe da cike da shanye, wanda zai raba kafar da ta toshe da wadda ta tsuke kawai, bambancin da binciken 2011 ya tsaya a kansa. Giredi na shida yana nuna alƙibla, shiga da shigo, fita da fito. Da waɗannan za a iya cewa: bazuwar ciki tana da sauri, ratsuwar baki ce ta yi ƙasa. Jimla ce ta Hausa tsantsa, kuma ta ɗauke duk abin da masanin Laifzig yake nufi.

Suka da Amsa

Wani zai ce wannan aikin masana kimiyya ne, manazarcin Hausa ya tsaya ga adabi da al'ada. Amsa ita ce masanin sinadarai ya san abin da yake faruwa a kafa, amma ba a horar da shi ya auna nauyin yaɗuwa da bazuwa ba. Idan aka bar shi shi kaɗai zai ɗauki kalmar da ta fara zuwa bakinsa. Manazarcin harshe shi kaɗai kuma zai iya zaɓen kalma mai daɗi wadda ta saɓa wa dokar Fick. Dole sai an haɗu.

Wani kuma zai ce kimiyyar duniya da Ingilishi ake yin ta, ɗalibin Wudil da shi zai buga bincikensa. Haka ne, kuma babu mai neman a hana shi. Sai dai masu sarrafa matattarar ruwa a ƙauye da magina tukwane da masu gyaran na'urorin asibiti da Hausa suke aiki. Shi kansa ɗalibin, gwajin fahimtarsa shi ne ya iya faɗin abin da harshen da yake tunani da shi. Wanda ya haddace lissafi bai iya cewa ko a baki jinkirin yake ko a ciki ba, da sauran aiki a gabansa.

Suka ta uku ta fi nauyi: na'urorin da aka gano shingen baki da su suna da tsada, kuma ba kowace jami'a ke da su ba. Wannan gaskiya ne, amma matakin farko ba ya buƙatar su. Da rariya mai ido daban-daban da agogo da na'urar auna launi ana iya raba tsabar gawayi gida uku ko huɗu bisa girma, a auna lokacin da kowane gida yake ɗauka kafin ya kai rabin cika. Idan ninka girma sau biyu ya ninka lokaci sau huɗu, jinkirin a ciki yake. Idan kusan sau biyu ya ninka, sai a dubi waje. Daga nan a ƙara ƙarfin motsa ruwan: idan saurin ya ƙaru, siririn ruwan da ke kwance a jikin tsabar ne yake jinkirtarwa, idan bai sauya ba, zargi ya koma kan fatar. A maimaita gwajin da ruwan kogi na rani da na damina, da gawayi sabo da wanda ya yi wata uku a ajiye. Wannan ba zai ba da amsa irin ta madubin Laifzig ba, amma zai nuna inda ya kamata a sa ido.

Kammalawa

Ina ba da shawarar a kafa zama na dindindin tsakanin malaman kimiyyar sinadarai na jami'ar Wudil da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda tazararta da Wudil ba ta wuce tafiyar sa'a guda ba. Aikin farko ya zama tattara kalmomin magina da majema da marina na Ƙofar Mata a kan shiga da kamawa da ratsawa da toshewa, kafin dattawan da suka riƙe su su ƙare. Na biyu, a rubuta gajerun bayanai cikakku a maimakon jerin kalmomi, domin a cikin jimla ake gane kalmar da za ta rayu, sa'annan a karanta su ga masu sana'a a ji inda suka yi tuntuɓe. Na uku, duk kundin digiri da aka rubuta a kan tace ruwa ya zo da tsakure na Hausa mai amsa tambayoyi biyu: nawa abin yake ɗauka, kuma cikin wane lokaci.

Kalmomin da na gabatar, bazuwa da ratsuwa da lafewa da shingen baki, shawara ce da ke jiran gyaran masana. Idan akwai waɗanda suka fi su, a kawo su da hujja. Abin da bai kamata ba shi ne a ci gaba da jira, domin masu ɗiban ruwa a kogin Wudil ba su daina ɗiba ba.